Mani Mai Mushe, Yayana

Da daminar bana Yaya Mani ya cika shekara ashirin da biyu da rasuwa. Na so in rubuta irin abin da aka saba, in ce mutum ne mai haƙuri da zumunci, in roƙa masa gafara, in ajiye alƙalami. Duk gaskiya ne, amma ba shi ke ci mini rai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne sunan da mutanen ƙauyenmu suka laƙa masa, wanda aka binne shi aka bar sunan a waje.

Usman ne sunansa na yanka, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ni na gudo Kaura Namoda na kama ɗinki, shi ya zauna a gonar mahaifinmu can gefen Banga. Yana saurayi ya yi shekaru yana bin garken wani Bafulatani wajen Zurmi, ya dawo ba shi da hira sai ta dabba. In ka je gaishe shi, kafin ya tambaye ka iyali ya riga ya buɗe bakin akuyar da ke kusa yana duba haƙora. Mukan tsokane shi cewa da shanu na magana, da su zai tura neman aure.

Da aka ba mu jiha mun yi murna. Aka ce yanzu Gusau a hannunmu take, malaman dabbobi za su wadata, allurar rigakafi har ƙofar gida. Yaya bai tsaya jira ba. Ya sayar da tumakinsa, ya je kasuwar Shinkafi ya sayo bijimai biyu na huɗa, ya sa musu Bokolo da Ɗan Ja. Dusa da kanwa ba sa yankewa, harawa tana kan rumfa, kowace safiya da hannunsa yake cire musu kaska. Matarsa takan ce ita ce ta uku a gidan.

Daminar farko bayan an ƙaddamar da Shari'a na je taya shi shuka. Da safe Bokolo ya ƙi dusa, yana rawar jiki, numfashi da ƙyar. Kafin hantsi ya kwanta, wani baƙin jini yana fita ta hanci. A wajenmu in sa ya kwanta haka, ba a jira. Ana yanka shi tun da sauran rai, a kasa naman kashi-kashi, kowane gida ya ɗauki nasa ya biya bayan kaka. Watanda ke nan, kuma al'ada ce mai kyau: mai sa ya rage asara, talaka ya ga nama a miya. Nan da nan maƙwabta suka cika gidan da kwanoni. Bawa, wanda gonarsa ke jikin tamu, shi ya zo da wuƙa.

"Mani, kawo igiya mu kada shi tun bai zan mushe ba," in ji Bawa.

Yaya ya tare gabansa. "Ba a sa mai wuƙa, Bawa. Cutar saihwa ta. Na gan ta wajen Zurmi. Wanda yah heɗe da waɗanda sunka ci, ba duka sunka ga kaka ba."

"In an yanka ai halal na. Kai dai ba ka son mu ci."

"Ɗiyanka nika tausai," in ji Yaya.

Ya zauna kusa da Bokolo har ya cika. Muka haƙa rami mai zurfi a ƙarshen gona, muka ja shi da igiya, ya tula kara da itace ya cinna wuta, sannan muka rufe. Ya kewaye wurin da aguwa don kada dabba ta yi kiwo a kai. Bai yi kuka ba, amma ranar bai ci abinci ba.

Ba da Shari'a nake ba, na yi murna da ita kamar kowa. Sai dai a waɗannan shekarun kowa ya zama malami. Mutumin da alwalarsa ke buƙatar gyara shi ke yanke hukunci a bakin masallaci. Aka ce Mani ya zuba ido halal ta koma haram, almubazzari ne, mai baƙin ciki ne. Limaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya ce abin da zai cutar da mutum ba a cinsa, amma a zaurensa ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa, mu uku ne muka ji. Kafin a yi noman farko, yara sun fara kiran Yaya da Mani Mai Mushe, kuma ba yara suka ƙirƙiro ba.

Ga wurin da har yau in na tuna zuciyata ke tafasa. Sa ɗaya ba ya jan garma. Wanda nasa ya mutu yakan haɗa da na maƙwabci, a yi huɗar nan yau, a yi ta can gobe. Da Yaya ya tabbatar Ɗan Ja lafiya lau yake, ya bi gida-gida. Babu wanda ya yarda. Mutanen da suka zo da kwanoni za su kai wa 'ya'yansu naman Bokolo, su ne suka ce suna tsoron kada sansu ya ɗauki cuta. Ashe sun yarda da maganarsa. A kan shanunsu suka yarda, a kan cikinsu ne suka ƙi.

Ya sayar da Ɗan Ja a wulaƙance, don labari ya riga shi zuwa kasuwa. Ya koma huɗa da hannu yana da shekara hamsin da ɗoriya. Ƙirji ya kama shi, bai sake miƙewa sosai ba, a damina ta uku muka kai shi. A wajen zaman makoki na ji Bawa yana cewa an yi rashin mutumin kirki. Na tashi na bar tabarmar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Da ya ga ana danna wa sa maras lafiya allura don ya iya tsayuwa har a gama ciniki. Da ya ga maganin dabbobi a faranti cikin rana, mai sayarwa bai san na mene ne ba. Da ya ga turakun ƙauyenmu babu ko bijimi ɗaya, ɓarayin daji sun kore, rabin mutanen suna haya a nan Kaura. Ina jin ba zai yi doguwar magana ba. Zai tambaya ko aguwar nan tana nan, kuma wanda ya je kwanan baya ya ce mini tana nan.

Watan jiya aka yi suna a gidan da Bawa ke haya. Ya tsufa, jikoki sun cika tsakar gida har ba wurin taka ƙafa. Na je da Sanusi, babban ɗan Yaya. Bawa ya kama hannunsa yana nuna wa baƙi, da fara'arsa, ba da mugun nufi ba: "Wanga shi na ɗan Mai Mushe."

Muka kama hanyar komawa. Can Sanusi ya ce, "Baba, tsakani da Allah, saihwar ta kuwa?"

Na ce masa ban sani ba. Babu likitan da ya duba, babu wanda ya buɗe cikin Bokolo. Hanya ɗaya ce da za a wanke mahaifinsa, ita ce a ci naman a ga abin da zai biyo baya, shi kuwa ya zaɓi a zage shi. Na ce ya waiwaya ya dubi gidan da muka fito. Hayaniyar yaran tana biyo mu har bakin titi.

Allah Ya jiƙan Usman. Sunansa ke nan, kuma da shi nake roƙon a kira ɗansa.