Na Sa Hannu Don Difulom, Albasar Mutanenmu Ta Ƙone

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. A tsakiyar shekarun casa'in ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da tara, injiniyan ban-ruwa, haifaffen Madarumfa, kuma a lokacin gani nake babu wanda ya kai ni sa'a a duk yankinmu. Mahaifina ya rasu tun ina ƙaramin aji a lakwal, ƙanen mahaifiyata ne ya riƙe ni. Kawun nan nawa mai garka ne a bakin tafki. Da albasa da tumatir da salati ya ɗauki nauyina har na gama karatu, na dawo gida, aka ɗauke ni aiki a wani furoje na ban-ruwa da masu ba da agaji daga waje suka kawo. Ba zan faɗi sunan furojen ba, ba zan faɗi sunan kowa ba, amma waɗanda abin ya shafa in sun karanta za su gane kansu, kuma so nake su gane. Furfura ta fito mini yanzu, amma har yau in na tuna abin nan sai in ji zuciyata tana tafasa.

Daraktan furojen dattijo ne mai fara'a, ba ya wuce ka bai tambayi lafiyar tsohuwarka ba. Shi ya kira ni cikin bironsa, wato ofishinsa, wata safiya, ya ce an ba da gurbin karatu guda ɗaya tak a wata babbar makarantar injiniyoyi da ke wata ƙasa maƙwabciya, karatun gaba da digirin injiniya, inda ake koyon tafiyar da manyan ayyukan fasaha tun daga tsari har zuwa miƙa aiki, kuma sunana ya tura. Na durƙusa na yi masa godiya kamar uba. Kawu kuwa da kansa ya je har gidansa da kwandon kifin tafki ya yi masa addu'a.

Wata tara muka yi a aji, kuma wallahi na so karatun nan. An koya mana yadda ake yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, a san wanda ke jiran wani, da wanda in ya makara kwana ɗaya zai ja sauran duka su makara. An koya mana rubuta takardar sharuɗɗa, wadda ke faɗa wa ɗan kwangila kaurin tiyo da yawan siminti da ƙarfin inji. An koya mana hango matsala tun ba ta zo ba. A darasin karɓar aiki, malaminmu ya buga tebur ya ce duk injiniyan da ya sa hannu a takardar karɓa, ya rantse ke nan cewa ya gani da idonsa, ya auna, ya gwada. Na rubuta wannan na ja masa layi biyu. Abin da ya rage shi ne wata shida na sitaj, wato aikin gwaji a fili, sai mutum ya rubuta memuwar, littafin bincikensa, ya kare shi gaban malamai. Amma ba a barin kowa ya kare sai shugabansa na fili ya sa masa hannu a takardar shaida. Na zaɓi furojenmu, na zaɓi daraktanmu, na dawo Madarumfa ina murna.

Aikin da na tarar shi ne buɗe sabon fili a kan tudu, nesa da ruwa. Za a girka babban injin famfo a bakin tafki, tiyo ya bi ƙarƙashin ƙasa ya hau da ruwa, sannan magudanan siminti su raba shi zuwa garkar kowa. Mutanenmu sun saba da ɗiban ruwa da guga daga ƴan rijiyoyinsu na fadama, kuma da yawa sun ƙi yarda su bar wurin da suka sani. Kawu ne shugaban ƙungiyar masu garka, shi ya bi su gida-gida. Abin da yake faɗa musu ke nan, wai su kwantar da hankalinsu, ɗansu ne ke duba aikin, kuma har ƙasar waje ya je ya karanto shi.

Ni kuwa na kama aiki yadda aka koya mini, da awo da littafi. Ba a yi wata biyu ba na ga abin da ya tayar mini da hankali. Tiyon da aka binne bai kai kaurin da takarda ta faɗa ba. Simintin magudanan in ka danna shi da farce sai ya marmashe, yashi ne zalla aka shafa wa toka. Injin da aka ce sabo ne fil, da na kankare fentinsa kusa da lamba sai ga wani tsohon fenti a ƙasa, kuma mai yana tsiyaya daga gindinsa. Na zauna na rubuta komai a babi na huɗu na memuwar ɗina, da awo da zane, na kai wa darakta. Dubi wautata, a zatona yaba mini zai yi, ya kira ɗan kwangilar da ya yi aikin ya ci mutuncinsa.

Ya karanta a natse, ya tashi ya rufe ƙofa, ya sa aka kawo mana shayi. Ya ce aikina ya yi kyau, sai dai har yanzu ƙanshin aji bai bar jikina ba. Ya ce nan da mako uku masu agajin za su zo karɓar aiki, in aka ce bai yi ba za su rufe furojen su tafi, kawuna da mutanensa su tashi a banza, kuma ni za a nuna a ce ga wanda ya kore su. Ya ce ƴan gyare-gyare ne, bayan bikin karɓar aiki shi da kansa zai sa a yi su. Ya ce tunda ni ne mai sabon ilimi, sa hannuna ake so a matsayin injiniya mai duba aiki. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da takardar shaidar sitaj ɗina, babu sa hannu a kanta, ya ajiye ta gefen takardar karɓar aiki. Yana murmushi ya ce in na cika tawa, shi ma zai cika tasa, babi na huɗu kuma in bar masa ya adana. A ranar na gane dalilin da ya sa sunana ya tura tun farko. Ba ƙwazona ya gani ba. Maraya ya gani, mai jin kunyarsa, wanda ba zai iya kallon idonsa ya ce a'a ba.

Washegari na hau mota zuwa Maraɗi, na shiga gidan waya na kira malamin da ke kula da memuwar ɗina, mutumin nan da ya buga tebur. Na zayyana masa komai. Sai ya ce memuwar ba kotu ba ce, shi ba zai tsoma makaranta cikin rigimar wata ƙasa ba, in yi haƙuri in karɓi difulom ɗina tukuna, in na zama babba sai in gyara duniya. Har yau ban san wanda na fi jin haushi ba tsakaninsa da darakta. Shi darakta ɓarawo ne, ya san kansa. Wannan kuwa shi ya koya mini mene ne sa hannu, da na zo masa da gaske sai ya wanke hannunsa. Na dawo gida, na zauna cin tuwo da kawu, yana ta ba ni labarin irin albasar da ya yayyafa, ni kuwa na ɓoye masa abin da na gani.

Na sa hannu. Ranar biki aka tayar da inji na rabin awa, ruwa ya ɓulɓulo a kan tudu, mata suka rangaɗa guɗa, baƙi suka tafa, aka ɗauki hoto. Ni kaɗai a cikin taron, ban da darakta da ɗan kwangila, na san injin nan ba zai kai ƙarshen rani ba. Na yaga babi na huɗu daga kwafina, na rubuta wani sabo mai yabon yadda aka tafiyar da aikin. Na koma makaranta na kare memuwar, malamai suka ba ni yabo mafi girma, ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi ya kamata a riƙa koyar da furojenmu a matsayin misali. Na karɓi gaisuwar kowa ina dariya.

Sai bayan kusan wata uku na dawo. Tun daga tashar Maraɗi na lura direban da ya san ni tun ina yaro ya amsa gaisuwata a daƙile. Da na isa na tafi kan tudun kai tsaye. A mako na biyar injin ya tsaya, aka nemi kayan gyaransa har tsallaken iyaka ba a samu ba saboda tsufansa. Kafin nan ma tiyon ya fashe wuri biyu, magudanan sun tsattsage. Mutane sun riga sun dasa albasa da tumatir a wurin da babu rijiya ko ɗaya, wasu kuma sun ba dangi aron tsofaffin garkunansu na fadama. An ce mini magidanta da matansu sun yi makonni suna jidar ruwa a ka daga tafki, an nemo amalanken jakai har daga Safo, amma filin ya fi ƙarfinsu. Da idona na ga kunya-kunyar albasa ta koma busasshiyar ciyawa. Gyaran da darakta ya yi alkawari kuwa, ko ƙusa ɗaya ba a buga ba. Shi an riga an ƙara masa girma, yana Yamai yana riƙe da wani furoje da ya fi namu.

Da masu bincike suka zo, aka kira daraktan, sai ya ce shi ɗan biro ne, bai san tiyo ba, bai san siminti ba, abin da injiniyansa ya tabbatar masa shi ya bi, har ya ƙara da cewa ya ji takaici don ya ɗauke ni kamar ɗa. Ɗan kwangila ya ɓace. Na ce na rubuta gaskiya tun farko, aka ce ina rubutun yake. Sai suka ajiye mini memuwar ɗina a kan tebur, suka buɗe babin da na yi yabo, suka ce in karanta da ƙarfi. Na karanta. Aka sallame ni daga aiki.

Korar ba ta yi mini ciwo kamar abin da ya biyo baya ba. Kawu ya kira ni bayan la'asar, ya yi mini tambaya ɗaya, ko na san abin zai lalace ranar da na sa hannu. Da na ce ban sani ba, da ya yarda, don yana neman abin da zai yarda da shi. Na ce na sani. Sai ya ce da na gaya masa, da shi zai tsaya gaban jama'a ya ce a dakata, domin shekara ɗaya ta jan guga ba ta taɓa kashe kowa ba. Ya ce na yanke wa gidaje hukunci ban tambaye su ba, kuma da bakinsa na yi musu ƙarya. A makon nan ya ajiye shugabancin ƙungiya. Samari da dama suka tsallaka Najeriya ci-rani, har da ƴaƴansa biyu da ba su ƙara zama gida ba. Har ya koma ga Allah yana amsa gaisuwata, amma bai sake neman shawarata a kan komai ba, ko da a kan sayen akuya ne.

Bayan shekaru na haɗu da daraktan a wani ɗaurin aure a Yamai. Ya rungume ni yana kirana ɗansa, ya tambayi lafiyar tsohuwa. Na duba fuskarsa ko zan ga alamar kunya, ban ga komai ba, ya manta. Ni kuma na miƙa masa hannu biyu na gaishe shi da ladabi. Wannan ma ina jin haushin kaina a kansa.

Abin da na koya shi ne, karatun tafiyar da aiki bai da wuya a kan allo. Wuyarsa tana ranar da wanda ke riƙe da takardarka shi ne ke cin amanar aikin. Na daɗe ina cewa tilasta mini aka yi, amma babu wanda ya riƙe mini hannu. Da na ƙi, iyakarta in rasa shekara ɗaya ko in rasa difulom, kuma ilimin yana kaina. Ku matasa masu wannan karatu, kada ku bar wa kowa gaskiyar da kuka auna ya ce zai adana muku. Ku yi hattara da babban da ya yi muku alheri sannan ya rufe ƙofa kafin ya yi magana. In kun ga ɓarna, ku fara gaya wa mutanen da aikin zai faɗa a kansu, domin su ne za su jidi ruwa a ka. Wanda ya ce ku sa hannu za a gyara daga baya, ranar bincike zai ce bai san komai ba, kuma sunanku kaɗai za a tarar a ƙasan takardar.