Jadawalin Masu Kai Abinci

A shekarar da China ta karɓi gasar Olamfik ina zaune a unguwar Panyu, ina aiki a wani ofishin aika kaya da ke yankin kasuwannin Guangyuan. Aikina in auna buhunan 'yan kasuwa, in rubuta suna a jikinsu, in yi musu tafinta idan sun rikice da masu shaguna. Ni Bazazzagiya ce, Kirista, kuma a gida ban taɓa taka cocin Firesbiteriyan ba. A can na shiga cikinsu, ba don komai ba sai don su ne kusa da ni. Wani zaure suke haya a hawa na huɗu na wani otal, yawancinsu 'yan Gana da Kamaru, sai iyali biyu 'yan Koriya.

Ban taɓa ganin mutane masu son tsari kamarsu ba. Dattawa bakwai ke tafiyar da cocin, kuma ko tsintsiya za a saya sai sun zauna, wani ya kawo shawara, wani ya goyi baya, an ɗaga hannu. Kowa da aikin da ya ɗauka don Allah: masu jera kujeru, masu dafa shayi bayan sujada, masu tarbar baƙi a tasha, da masu duba marasa lafiya su kai musu abinci. Cikin na ƙarshen nan aka sa ni. Magatakardan dattawan wani tsohon malamin makaranta ne daga Kumasi, ya tashi kusa da zangon Hausawa, yana jin Hausa irin tasu wadda mace da namiji duk "kai" ne. Mutumin kirki ne, amma da za a bar shi, ko atishawa aka yi a coci sai ya rubuta wanda ya yi ta. Ina yi musu dariya a ɓoye, sai dai gaskiya ɗaya ce, tun da na shiga ban ji wani marar lafiya namu ya kwana da yunwa ba.

Da gasar ta matso, sai gari ya canza mana. Aka daina sabunta biza yadda aka saba. Mutum ya tafi Hong Kong don a buga masa hatimi, sai ka ji daga can ya wuce gida. 'Yan sanda suna bin gidaje da kasuwanni suna duba fasfo, wanda bizarsa ta ƙare kuwa a tafi da shi.

A lokacin ne wani mai ɗaukar kaya ya gaya mini akwai wani tsoho ɗan Maraɗi kwance shi kaɗai a wani bene kusa da unguwarmu. Na je na same shi a hawa na shida, gidan babu lifta. Ya zo baje kolin Pazhou ne da bazara, ciwon sukari ya buɗe masa gyambo a ƙafa, ya kwanta, abokan tafiyarsa suka koma, bizarsa ta ƙare yana kan katifa. Mai ɗakin yana cikin waɗanda suka fita ba su dawo ba. Abin da yake jira ɗaya ne: ɗansa yana neman hanyar zuwa, ya kama shi su je hukuma da ƙafarsu, a yi abin da za a yi, ya hau jirgi da mutuncinsa. Tsoronsa kuma a zo a ɗauke shi kafin nan, da wannan ƙafar.

Ya ce mini, "Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Amma kak ki hwaɗa ma kowa inda ni ke."

Na ce, "Baba, ba mai ji daga bakina."

Kwana huɗu ina kai masa abinci ni kaɗai, da safe kafin in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, da yamma in na dawo. A na biyar na yarda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gyambon ya fara wari, ni kuma ban iya wanke shi ba. Na kai maganar gaban dattawa, na gaya musu Musulmi ne, ba ɗan coci ba, na kuma gaya musu halin bizarsa. Na roƙe su maganar ta tsaya a baki. Ba wanda ya yi musu a kan addininsa, hannu bakwai suka tashi gaba ɗaya, har na ji hawaye. Matan Kamaru suka koyi hanyar shagon Musulman China inda ake samun naman yanka. Wata 'yar Gana ta sayi sabuwar tukunya don shi kaɗai, kada ransa ya yi ƙyama. Matar ɗaya daga 'yan Koriya nas ce, kowace rana takan hau benen nan ta wanke ƙafar ta ɗaure. Cikin mako biyu warin ya tafi, Baba ya fara dafa bango yana zuwa banɗaki da kansa, yana tsokanar nas ɗin wai hannunta ya fi na likita zafi.

Wata Lahadi na makara. Da na fito daga liftar otal ɗin sai na tarar da jami'ai biyu a bakin zauren. Wannan bai dame ni ba, don a watannin sukan zo su duba fasfon masu shiga, nawa kuma lafiya yake. Ɗaya ya karɓa yana dubawa. Ɗayan yana tsaye gaban allon sanarwa, ya ba ni baya, yana kwafar wani abu a ɗan littafinsa a natse. Na leƙa ta gefen kafaɗarsa.

Jadawalin masu kai abinci ne, sabo fil, an buga shi da na'ura, layi-layi. Ga sunan Baba cikakke. Ga sunan benen, ga hawa, ga lambar ƙofa, da Turanci, a ƙasa kuma an sake rubuta shi da rubutun China. A gefe akwai gurbin ƙarin bayani, shi ma da harsunan biyu: bizarsa ta ƙare, a hau a hankali, a ƙwanƙwasa sau uku.

Jami'in farko ya miƙo mini fasfona har sau biyu kafin in gane ni yake miƙa wa. Ban san yadda na shiga ba, ban ji waƙa ko wa'azi ba. Ana cewa amin na ƙarshe na fita na yage takardar, na kai wa magatakarda ita a dunƙule.

Na ce, "Baba malam, mene ne wannan? Ban roƙe ku ba?"

Ya dube ni da mamaki na gaske. Ya ce, "Ƙanwata, masu kai abinci yana ɓata hanya. Jiya wani ya buga ƙofar da ba shi ba. Na sa an rubuta da Chainis don su nuna ma mai tasi. Kuma in ba su san halinshi ba, za su yi surutu a matakala."

Yana faɗa yana kallon takardar, sai na ga fuskarsa ta sauya, ya nemi kujera ya zauna. Wallahi a ransa kariya ya yi wa Baba. An je neman gira an rasa ido, kuma wanda ya yi aikin bai gane ba sai da na tsaya a kansa.

Cocin tana da ɗan ɗakin baƙi a wata unguwa, inda fastoci masu ziyara ke sauka. Na ce a ɗauko Baba yanzu a kai shi can. Nan na sha mamaki na biyu. Ba a ba da ɗakin sai dattawa biyar sun zauna. Biyu sun fita neman biza a makon ba su dawo ba, ɗaya yana wata masana'anta a wani gari sai Litinin da yamma. Huɗu ne a wurin. Na ce a kira shi a waya, suka ce doka ta ce zama, ba waya ba. Na zazzaga musu abin da ban taɓa gaya wa sa'an mahaifina ba. Suka saurare ni har na gama, suka sa zama ranar Litinin. Yanzu na san ba doka ce kawai ta riƙe su ba, kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta. Ni ma da nake ta faɗa, ɗakina mu huɗu ne mata, mai gidan yana ƙasanmu, kuma ban ce a kawo shi wurina ba.

Na je wurin Baba da rana. Na yi niyyar gaya masa, na kasa haɗa ido da shi. Na ce jibi za mu mayar da shi ɗakin da babu hawa. Ya yi murna, ya ce in taya shi haɗa 'yan kayansa.

Dattawa suka zauna ranar Litinin, hannu biyar suka tashi. Talata da safe muka je da mota da maza huɗu. Ƙofar a rufe take. Wani ɗan Kano da ke hawa na biyu, mai sayen takalma, ya fito ya ce mana tun jiya bayan azahar 'yan sanda suka zo. Baba da kansa ya buɗe musu. Shi ɗan Kanon da ya ji motsi ya hau, ya tarar tsoho ba zai iya sauka ba, shi ne ya goya shi a baya tun daga hawa na shida har bakin mota. Yana ba mu labari idonsa na kawo ruwa.

Sai bayan gasar aka sa Baba a jirgi. Ɗansa bai samu zuwa ba. Wata uku da haka ya kira ni, ya ce an yanke ƙafar daga gwiwa a Yamai, sannan ya miƙa wa mahaifinsa wayar. Baba ya daɗe yana sa mana albarka, ni da nas, da mai tukunya, da "tsohon nan mai biro". Ya ce bai taɓa ganin mutane masu amana kamarmu ba. Sai muryarsa ta yi ƙasa.

Ya ce, "Amma wancan Bakanon na ƙasa, shi ya kai ni. Mi ya kawo shi sama in ba tare su ke ba? Na hwaɗa ma duk mutanenmu. Ban yahe mai ba har gaban Allah."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

Ɗan Kanon ya ci gaba da kawo kaya ofishinmu har shekara biyu. In ya shigo, 'yan Nijar da ke zaune kan buhuna sukan yi shiru, ya yi sallama babu mai amsawa sai ni. Wata rana ina auna masa takalma ya tambaye ni ko na san abin da ya yi musu. Na ce ban sani ba, na rubuta sunansa a buhun.