Yajin Ladi da Katun ɗin Japan

A Kudan aka haife ni, a gidan masu mazarƙwaila. Idan rake ya nuna, Baba da ƙannensa kan wuni suna dafa ruwansa a bayan gida, har a sallame magariba wutar ba ta gama mutuwa ba. Nan kakarmu Iya Laraba, mahaifiyar Baba, take jawo kujerarta. Mu kuma mu kewaye ta, kowa yana tsotsar guntun da ya kankaro daga gindin kasko. Ni ne babban jikanta namiji, don haka Maigida take ce mini, wai mijin da bai taɓa yi mata cefane ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai ba ta tabarma?" Mu haɗa baki, "Ta shigo mu ji ta!"

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Ladi mai dambu. Wai a wani gari an yi wata mata da kowa ke cin dambunta, daga yara da masu jego har tsofaffin da ba su da haƙori. Sai wasu mahauta uku masu son yaji suka saba da ita. Su ne farkon zuwa, su ne masu yabo da ƙarfi. "Ladi, hannunki da albarka, amma ƙara yaji!" Ta ƙara. Kashegari ma haka. Yara suka koma ci suna hawaye, iyaye suka daina aiko su. Wata tsohuwa ta roƙe ta ta ɗan rage, mahauta suka kwashe da dariya, suka ce wanda bai iya cin yaji ba bai san dambu ba. Maganar ta yi wa Ladi daɗi.

Ana nan, ɗaya daga cikin mahautan ya kamu da ciwon ciki, ɗaya ya yi ƙaura, na ukun ya auri gwanar girki. Ladi ta so ta koma yadda take a da, amma harshenta ya riga ya mutu. Duk yadda ta rage, wanda ya ɗanɗana sai ya tofar. Haka ta zauna gaban tukunya cike har rana ta faɗi.

Ƙanwata Hadiza ta ce, "Iya, to laifin wa?"

Iya ta tura itace cikin garwashi. "Ni tatsuniya aka ba ni, ba alƙalanci ba. Amma wanda ya fi kowa ihu a kasuwa ba shi ne kasuwar ba. Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, kowa ya tashi."

Ina aji shida na firamare Kawu Sale, ƙanen Inna mahaifiyata, ya kawo mana talabijin da ɗan janareta. Cikin fayafayan da ya haɗo akwai wani katun na Japan. Labarin wata yarinya ne da kakanta manomin shinkafa, a shekarar da damina ta yi jinkiri. Babu mai jin yarensu a gidanmu, amma babu wanda ya nemi fassara. Da tsohon ya ɗaga kai yana duban sama, Iya ta dafa ƙirji ta ce, "Ashe su ma jiran ruwa suke!" Da ruwan ya sauka ta share ido da bakin zane. 'Yan manyan idanu, haka take kiransu. Sai da muka kalli faifan nan har ya karce ya daina tashi.

Daga nan na kamu. Da na tafi karatu Makarfi na sami waya, na sami abokai irina. Mu ba ma cewa katun, anime muke cewa, wanda ya ce katun kuwa mu yi masa kallon baƙauye. Ban lura da yadda sababbin ke ƙara kama da juna ba. Kullum wani ya mutu ya farka a wata duniya da ƙarfin da ya fi na kowa. Barkwancin ciki ba ya ba ka dariya sai ka riga ka kalli guda ashirin irinsa. 'Yan matan ciki kuwa ba a kallon shigarsu gaban manya. Masu yi suna sauraron 'yan gani-kashe-nin da ke sayen kayansu can, mu ma daga nan muna taya su neman ƙari.

Wani hutu na dawo na tarar ƙafafun Iya sun daina ɗaukarta. Ta rame, amma bakinta yana nan. Wata rana bayan la'asar ina zaune gefen gadonta ina danna waya, sai ta ce, "Maigida, ina 'yan manyan idanun nan? Sa mini in gani mana."

Wayata cike take da su. Na yi sama na yi ƙasa, na rasa wanda zan nuna wa kakata. Na zaɓi mai dama-dama na riƙe mata.

"Wannan wane ne?"

"Jarumin ke nan, Iya."

"Me aka yi masa yake ihu? Ina uwarsa?"

Na fara bayani, cewa wannan kashi na uku ne, cewa wancan abokin gabansa ne tun a kashi na ɗaya. Wata yarinya a cikin katun ɗin ta fito kusan tsirara, na rufe ta da yatsa na tura gaba. Iya ta sake tambaya, ta kuma sakewa. Haƙurina ya ƙare.

"Iya, ba za ki gane ba. Sai wanda ya daɗe yana kallo."

Sai ta ture wayar a hankali da bayan hannunta.

"To, ba don ni aka dafa ba. Je ka huta, Allah ya yi maka albarka."

Ta juya fuskarta bango. Na yi niyyar ba ta haƙuri, na ce sai da safe, da safe kuma na yi sammakon mota. Kafin wani hutun aka kira ni aka ce Iya ta cika.

Shekaru na yi ina ɗora laifin a kan masu yin anime, kuma har gobe ina ganin suna da nasu. Wanda ke yi wa mutanen da suka riga suka saba da shi kaɗai girki, wata rana zai nemi baƙo ya rasa. Amma ni a da idan na tuna tatsuniyar, Ladi nake jin tausayi. Sai bayan rasuwar Iya na gane inda nake zaune a cikinta, cewa cikin mahautan nake, ni ne ma mai yi wa tsohuwa dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, masu yin anime ba su daina yin irin wancan na manomin shinkafa gaba ɗaya ba. Sun yi ƙaranci ne, ni kuma ban taɓa nema ba. Bara na sami wani, labarin wata tsohuwa mai kiwon kaji da ɗanta da ya daɗe bai zo gida ba. Na kai wa Inna muka kalla tare a ɗakinta. Ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba. Da ya ƙare ta miƙo mini wayar, ta daɗe tana kallona.

"Haruna, ai wannan ya kamata ka sa wa Iya."

Na ce, "Haka ne, Inna."