Farin Gurbi a Mayafin Baffa

Har yau in tela ya yagi yadi a kusa da ni, ƙarar nan takan tsaya mini a ƙirji. Bari in gaya maka dalili.

Shekarar da aka sake jefa ƙuri'a kan ko mu bi Najeriya ko Kamaru, ina 'yar shekara tara a gidanmu na Mubi. Babu mai zama wuri ɗaya a lokacin. Maza su taru gindin tsamiya, su watse, su sake taruwa. Da sakamako ya fito aka ce Najeriya za mu bi, Baffa, ƙanin mahaifina, ya ce shi kam zai haura dutse ya koma wajen dangin matarsa a Kamaru kafin ruwan fari.

Kaka ba ta yi kuka ba. Kara ta ɗauka ta shiga zane a ƙasar tsakar gida: ga duwatsu, ga mayo, wato koginmu, ga gonarmu ta Digil. Ta tsaya ta duba, ta goge da ƙafa, ta sake. Kwana uku tana haka, tuwonta na sanyi a kwano. A na huɗu ta kwafe zanen da gawayi a takardar siminti. Wata Baturiyar mishan ce ta koya mata haɗa ƙyallaye tun tana da ƙarfi, amma ita Baturiyar murabba'i kawai take jerawa. Kaka ƙasarmu take son ɗinka wa ɗanta ya riƙa lulluɓa da ita.

Ta ce ƙyallen kasuwa ba zai shiga ba, sai abin da jikinmu ya taɓa. Tsohon wandon kakin mahaifina ya zama duwatsu. Shuɗin zanen mahaifiyata ya zama mayo. Takan shimfiɗa su a rana, ta ja baya ta ƙanƙance ido, ta dawo ta sauya musu wuri. Saura gona. Koren tufafi a gidan kuwa ɗaya ne tak, rigata ta Kirsimeti, wadda sau biyu kacal na sa.

Hausar Kaka ba ta raba mace da namiji. Ta kira ni ta ce, "Kai, tafin hannu ɗaya zan yanka a ƙasa. Zan ninke maka, ba wanda zai gane."

Na ce, "Ni a yanka na wani."

Ban tsaya nan ba. Na ƙudundune rigar na cusa cikin rumbu, ƙarƙashin dawa. Kullum sai na kewaya rumbun ina jiran duka. Dukan bai zo ba, da ya zo da ya fi mini sauƙi. Ina gani ta gwada ƙyalle ruwan ƙasa a gurbin gonar ta warware, ta jiƙa wani ƙyalle da ganye ya fito kamar miyar kuka, ta jefar. Allura ta huda mata yatsa har ta ɗaure shi da tsumma. Sau nawa na nufi rumbun na juyo, ban sani ba.

Ana gobe tafiya ta yanki farin akoko ta cike gurbin. Da safe Baffa ya buɗe mayafin a gaban kowa, yana shafa kowane ƙyalle yana faɗin mai shi. Da ya zo kan farin sai ya tambaya, "Wannan fa?"

Kaka ta ce, "Gona ne. Bai tsiro ba tukuna." Ko inda nake ba ta kalla ba.

Bayan sati na zaro rigar. Ɓeraye sun cinye fiye da tafin hannu uku. Baffa kuwa can ya tsufa, can aka binne shi, ban sake ganinsa ba.

Yanzu barguna a leda ake sayensu a kasuwar Mubi, masu laushi, babu rigar kowa a jikinsu. Jikokina kan kyautar da riga don kawai an ɗauke su hoto da ita. Ba na yi musu faɗa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, ina da 'yan'uwa a bayan dutsen nan da suka girma cikin mayafin, sun san kowa na gidanmu ta tufafinsa, ban da ni.