Ranar da muka kai wa mahauci goron neman 'yarsa

Shekara bakwai ke nan da matata Rabi ta riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na ratsa unguwarmu ta Guillotière sai wani mai shago ya leƙo ya ce, "Malam Issufu, yau kuma ɗiyar wa za ku ɗauke?" Mu yi dariya, mu yi mata addu'a.

Rabi mai binciken amosanin jini ce a wani ɗakin bincike da ke Villeurbanne. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne yaran mutanenmu mazauna nan na shiga jami'a da kaifin ƙwaƙwalwa, suna gama digirin farko sai su watse neman aiki, wai digirin digirgir ba namu ba ne. Sai ta mayar da falona aji. Duk Asabar ta tara su, ta koya musu karanta takardun bincike da yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar babban malami ba tare da murya ta yi rawa ba, sannan ta cika su da dambu da zogale. Ni mai gida aka bar ni da wankin kwanuka.

Ta gane da wuri cewa shawo kan yaro ba shi ne aikin ba, aikin yana wurin iyaye. Don haka in ta ga mai hazaƙa, sai ta sayi goro, ta sa ni in saka babbar riga, mu tafi gidansu kamar masu neman aure. Na ce mata wannan abin kunya ne a ƙasar Turawa. Ta ce da kunya da asara, gara kunya.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne Alhaji Sanda mahauci, mutumin Maraɗi. 'Yarsa Zaliha ce zakarar ajin Rabi, shi kuwa har ya samo mata aiki a wani kantin magani kusa da shagonsa. Ya dubi goron, ya dube mu.

"Hajiya, mi za ta ƙara koyo? Shekara nawa tana karatun lakkol? Ɓerayen gwaji za ta yi ta kiwo ina tsufa?"

Rabi ba ta yi musu ba. Ta tambaye shi ko a danginsa akwai mai amosanin jini. Ya sunkuyar da kai, domin cutar ta sa ya binne ƙannensa biyu. Da ya ɗago sai ya ce, "Ke na ba amana. Ban ba jami'a ba."

Zaliha ba ta cika shekara da fara binciken nata ba Allah ya karɓi Rabi. Ban da raɗaɗin rashi, na ji tsoro ƙwarai, tunda wadda aka ba amanar ta tafi. Ita kanta yarinyar ta karaya, ta tattara littattafanta ta koma gida. Ba a yi mako ba na gan ta a taragon jirgin da ke zuwa Villeurbanne, idanu jawur, za ta aiki. Ban tambaye ta dalili ba, na dai gode wa Allah.

Ranar da za ta kare bincikenta, Alhaji ya zo da tiren kilishi ya zauna a sahun gaba. Malamai suka yi mata ca da tambayoyi, kamar yadda aka saba. Shi bai san haka al'adar take ba. Ya ga dattawa sun taru a kan 'yarsa, sai ya miƙe ya ɗaga hannuwa.

"Ku yi mata afuwa, yarinya ce! In ta yi laifi ni ne ubanta."

Na ja rigarsa ina raɗa masa cewa yabo ne ke tafe. Da aka fassara wa malaman, har shugabarsu sai da ta cire tabarau don dariya. Da Rabi na nan, da ta shekara tana tsokanarsa.

Nakan tambayi kaina me Rabi za ta ce da tana raye yau. Na san za ta yi tsaki ta ga yara na tambayar waya abin da ya kamata su tambayi malami. Amma za ta yi guɗa ta ga Zaliha a Paris da nata ɗakin binciken, ɗalibai 'ya'yan baƙi irinmu na unguwar Belleville na bin ta, ba wanda ke cewa wannan ba namu ba ne. Rabi ba ta bar gida ko mota ba, ba mu kuma haihu ba. Mutane ta bari, kuma ina alfahari.

Kwanan baya na je sayen nama, na yi ƙarfin hali na tambayi Alhaji abin da ya mayar da Zaliha aiki a wancan makon. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannunsa.

"Ni na kore ta," ya ce. "Na ce mata amanar da na ba mai rai ina iya zuwa in karɓo. Wadda ke hannun mamaciya kuwa, ta ina zan bi?"