Gishirin Banamali Wanzami

Banamali wanzami ne a ƙauyenmu na bakin teku, kai ba ka same shi ba. Gajere ne mai tumbi, ga surutu. Aski kam ya iya, amma ban da aski, ko ruwan zafi ka ce ya dafa sai ya ɓata shi.

Shekarar da mutane suka ce sun daina sayen gishirin Turawa, kowa zai dafa nasa da ruwan teku ko doka ta hana, sai shiga gidan yari ya zama abin ado. Wanda aka kama, ranar fitowarsa da ganguna ake tarbo shi, a rataya masa furanni har wuya ya ɓace. Mai wanki ya je ya dawo. Mai man kwakwa ya je. Har Nilambar, ƙanin matar Banamali, wanda agwagwa ke kora, ya yi wata uku. Banamali ke aske musu gemun da suka tara a can, suna ba shi labari yana haɗiyar yawu.

"Yaya, kai yaushe za ka leƙa?" in ji Nilambar. "Ko sai an kawo maka gidan yarin har rumfa?"

Washegari Banamali ya ɗauki tukunya ya nufi teku. Ya kamfato ruwa har da laka, ya hura wuta, ya aika wa Daroga Gadadar, babban ɗan sandanmu, cewa ga shi nan yana karya doka, kada a makara.

Daroga ya zo yana gumi. Ya dangwala yatsa, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Mene ne wannan?"

"Gishiri, Yallaɓai. Ga hannuwana, ɗaure."

"Gishiri doka ta hana. Ba ta ce komai a kan taɓo ba. Kuma in na kulle ka, wa zai riƙa yi min aski? Koma gida."

Karo na biyu abin ya ƙone ƙurmus. Na uku, akuya ta sansana ta yi gaba.

Sai ya koma wa matarsa Haramani da lallashi. "Uwar Tuni, rufa min asiri. Ke ki dafa, ni in tsaya kusa da tukunya. In an tambaya, ki ce nawa ne."

"Wata nawa za su riƙe ka?"

"Uku, in an yi sa'a."

Ta hango gida babu surutu har wata uku. "Kawo tukunyar."

Ta tace ruwan da gefen zanenta, ta bi wutar a hankali, gishiri ya fito fari tas kamar cikin kwakwa. Rabin gari ya taru. Daroga ya ɗanɗana, ya sake ɗanɗanawa, ya faki ido ya zuba kaɗan a aljihu.

"Wa ya yi?"

"Ni," in ji Banamali, ya turo ƙirji.

"Kai na san aikinka. Sai da shaida." Ya buɗe littafinsa ya juya ga Haramani. "Uwa, wa ya dafa wannan?"

Ta nuna mijinta da haɓa.

"Littafi ba ya ganin haɓa. Suna nake so."

To, a wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta, ko za a yanka ta. Daroga ya san haka sarai.

"Baban Tuni," in ji ta.

"Tuni uku ne a garin nan."

"Mai askin."

"Wannan sana'a ce, ba suna ba."

Banamali ya matso yana raɗa. "Faɗi mana. Sau ɗaya ne, na yafe."

"Ka yafe? Ga uwarka can tsaye, bakina take kallo."

Aka yi ta haka har rana ta take. Haramani ta gaji, ta ɗaure bakin zanenta a ƙugu.

"Yallaɓai, rubuta Haramani. Dama ni na yi. Gishiri irin wannan ba zan bari a ce na wani ne ba."

Wata huɗu ta yi a gidan yari. Banamali da Tuni suka rayu a kan ƙonanniyar shinkafa. Ranar da ta fito, shi aka ba lema ya riƙe mata a bayan masu ganga, furanni na faɗo masa a ka bisa kuskure.

Bai haƙura ba. Shekara goma sha bakwai yana neman a kama shi. Ya sa farar hular 'yan gwagwarmaya ya zauna a ƙofar ofishin 'yan sanda yana rera waƙar 'yanci, aka aiko masa da shayi. Ya kwanta a gaban keken shanun gwamnati, shanun suka kewaye shi. Sau uku ana canja mai muƙamin Daroga, kowanne sai ya bar wa na bayansa wasiyya a kan wanzamin.

Ranar da Turawa suka tafi, gari ya ɗauki kiɗa, ana rabon alewa, ana ɗaga sabuwar tuta. Aka nemi Banamali aka rasa. Haramani ta same shi a rumfarsa zaune, ya zabga tagumi.

"Baban Tuni, tashi mana. Mun samu ƙasa."

"Na ji," in ji shi. "To yanzu wa zai kama ni?"