Man Shanun da Inna Ta Daina Zuba Mini

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in da mutane kuma "waccan". Ba ta yabona, ba ta tambayar lafiyata kai tsaye, sai dai ta tambayi ƙanwata ina zaune a wurin. Haka alkunya take a ƙauyenmu na gefen Gozaki, kuma ban taɓa jin haushi ba, domin na san inda take ɓoye abin da bakinta ya ƙi faɗa. In ta kwashe tuwon dawa, kowa ɗiga masa man shanu take yi a kan miya. Ni kuwa sai ta huda malmalata da cokali, ta dumbuza man a ciki, ta shafe bakin ramin. Sai na kai tsakiya in tarar da shi ya narke. Kafin in ɗago kai ta riga ta juya tana faɗa da kaji.

Man na shanunta ne, waɗanda ta gada wurin mahaifinta. Da kanta take kaɗa nono ta tsame shi, ta soya da albasa. Ko da aka kai ni aure Funtuwa, kwalba ba ta fasa zuwa ta hannun direbobin kasuwa ba, bakinta ɗaure da leda, babu saƙon gaisuwa ko ɗaya.

Bayan haihuwata ta uku ciwon ya fara. In na ci abinci, an jima kaɗan sai wani abu ya cafke ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya murɗa, ya zarce baya har allon kafaɗa. Ciki ya kumbura, gyatsa ta yi ta zuwa, wani lokaci in yi amai mai ɗaci. Ba zama, ba kwanciya, sai in dafa bango in yi ta zagaya tsakar gida. Ya ɗauki lokacinsa, sannan ya sake ni kamar ba a yi ba.

Mai kemis ɗin unguwarmu ko kallona bai gama yi ba ya ce, "Olsa ce, Hajiya." A garin nan duk abin da ya taɓa mutum tsakanin wuya da cibiya olsa ne. Ya ba ni farin ruwan magani mai ɗanɗanon alli, ya hana ni yaji da tsami, ya ce in riƙa shan madara. Na sha kwalaben nan har yara suka samu na wasa. Da labari ya kai wa Inna cewa waccan tana da olsa, sai kwalbar mai ta koma galan, domin kowa ya san maiƙo yana kwantar da gyambon ciki. Kowa ya sani, in ban da cikina.

Ni na fara lura da kaina. Ranar da na sha koko ko na ci ɗanwake ba mai, lafiya lau. Ranar suyar layya, ko ranar da na zuba man Inna, ranar zan dafa bango. Na faɗa wa maigidan, ya yi dariya ya ce, "Man shanun da aka raine ki da shi?" Na faɗa a asibiti, wata ma'aikaciya tana rubutu ba ta ɗago ba ta ce, "Hajiya, ki rage tunani." Wannan kalma ta fi ciwon ƙona mini rai. Gaskiya ne na zama matsoraciya. Ƙamshin suya daga maƙwabta kawai sai gabana ya faɗi. Amma wanda abinci yake yi wa abin da yake yi mini, ya za a yi ya zauna gaban kwano da kwanciyar hankali? Ciwon ne ya haifi tsoron, su kuma suka juya maganar, suka ce tsoron ne ya haifi ciwon. Daga nan aka wuce zuwa rubutu da hayaƙi. Wata gwaggon maigidan ma cewa ta yi jin daɗi ne ya yi mini yawa.

Da kaka na je gida, ana cikin ɓarar masara. Inna ta kwashe tuwo, ta turo mini kwanona da murfinsa kamar yadda ta saba. Na ci gefe da gefe, na bar tsakiyar, na rufe. Na ɗauka ba ta gani ba. Da ta zo tattara kwanuka ta buɗe, ta daɗe tana kallon man da ya daskare a ciki. Sannan ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce ma waccan, in abincin ƙauye ya yi mata ƙazanta, ta riƙa tahowa da nata daga birni."

Na ce, "Inna, wallahi ba haka ba ne. Shi ke tayar mini da ciwon."

"Mi ke tayar miki da ciwo? Abin hannuna?"

Na jawo kwanon na cinye tas a gabanta. Kafin la'asar ina birgima a kan buhunan masara, mata sun kewaye ni, wata tana cewa iskar jikinta ce ba ta son gidan uwarta. Inna tana tsaye bakin ɗaki, alkunya ta hana ta matsowa, fuskarta kamar an mare ta. Daga wannan zuwan galan bai sake zuwa Funtuwa ba. Na yi shekaru ina zuwa gaisuwa muna zama kamar baƙi, ita tana ganin na raina ta, ni kuma ba ni da abin da zan nuna mata. Ciwon da ba ya kumbura a waje, ba ya jini, da me za ka kafa shaida?

Sai da idona ya yi rawaya, zazzaɓi ya rufe ni, sannan aka ɗauke ni da gaske. Maƙwabta har sun ɗora tukunyar maganin shawara, maigidan dai ya kai ni asibiti. Likitan da muka tarar ya tambaye ni me nake ci kafin ciwon ya tashi, tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini. Ya danna ƙarƙashin haƙarƙarina na dama ya ce in ja numfashi, numfashin ya tsaya a rabi. Ya tura ni hoton ciki. Da sakamako ya fito ya ce duwatsu ne a matsarmama. Na ce mece ce matsarmama? Ya ce madaciya. Kaji nawa na gyara a rayuwata, ina lallaɓa wannan 'yar koriyar jakar da bakin wuƙa kada ta fashe ta ɓata nama, ban taɓa kawowa a raina ni ma ina da ita ba. Ya ce in an ci maiƙo sai ta matse don ta zubo ruwanta, dutse ya toshe hanya, shi ne murɗawar da nake ji. A Zariya aka yi tiyata aka cire ta, aka ba ni duwatsun a 'yar kwalba.

Da na warware na nufi ƙauye da kwalbar a jaka, ina jin yau za a wanke ni. Inna ta karɓa, ta girgiza ta kusa da kunne, ta zazzage a tafin hannu. Ta ce wa ƙanwata, "Wannan ai tsakuwar shinkafa ce. Dama tun tana yarinya ba ta iya tsintar shinkafa ba." Muka yi dariya, har da ita. Na yi mata bayani yadda likita ya yi mini, cewa a ciki suke haɗuwa, ba haɗiye su ake yi ba, kuma man ba shi ya kawo su ba, taso da ciwon kawai yake yi. Rabin farko ne bai shiga kunnenta ba, ko na ƙarshen, ban sani ba. Dariyar dai ta ɗauke. Ta mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ashe duk lokacin nan ni ke ba ta."

Da yamma ta kwashe tuwo. Ta bi kwanuka tana ɗiga mai, ta zo kan nawa ta tsallake. Na ce, "Inna, likita ya ce yanzu zan iya ci kaɗan-kaɗan." Na miƙa kwanon. Ta rufe kwalbar man, ta ɗaure ledar.

"A'a. Ba da hannuna ba kuma."

Na roƙe ta a wannan zuwan, na roƙe ta a na gaba, na sa ƙanwata ta roƙa. Har Allah ya karɓi ranta ba ta ƙara zuba mini ba. Mai kemis yana nan yana sayar da farin maganinsa, gwaggon maigidan ta ce ita dama ta san ba lafiya ba, ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Na yafe ciwon, na yafe birgimar da na yi a gaban mutane. Abin da na kasa yafewa shi ne, mace ɗaya ce a cikinsu duka ta ɗauki laifin, kuma ita kaɗai ce ba ta da shi. Yanzu ina cin man shanu lafiya lau, na kasuwa, a kan miya kamar kowa. Amma har yau in aka ba ni tuwo, tsakiya nake fara hudawa.